Daga Taya Zuwa Zarto: Ziyara a Rumfunan Kafintocin Hotoro

Unguwar Hotoro tana gabashin birnin Kano, a kan titin Maiduguri, wato hanyar da ta bi ta Wudil ta nufi jihohin Jigawa da Bauchi da Yobe har zuwa Borno, kuma a tsarin mulki ta rabu tsakanin ƙananan hukumomi biyu, domin mazaɓun Hotoro ta Arewa da Hotoro ta Kudu suna cikin Nasarawa, yayin da ɓangaren da ke kusa da defon mai na NNPC yake cikin Tarauni. Defon nan shi ne ya fara jawo wa unguwar suna, saboda tankokin mai da suke yin layi a bakinsa, sannan daga baya aka sami gadar sama da ta ƙasa da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta gina a tsohon shataletalen unguwar, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023. A nan ne titin kewaye na gabas, wanda ya haɗa titin Zariya da titin Haɗejia, ya ratsa titin Maiduguri. Wanda ya bi ta kan gadar a mota ba zai ga komai ba sai rufin kwano da allunan talla, amma wanda ya sauka ya taka da ƙafa ya shiga titunan da suka ɓalle daga babban titi, zai tarar da rumfunan kafintoci jefi-jefi a tsakanin masu walda da masu faci da masu sayar da bulo, da gadaje da kujeru a jingine a bakin hanya suna shan rana.

Rumfar kafinta a wannan yanki ba ta da wani tsari mai wuyar fahimta. Akwai benci mai kauri da ake aiki a kansa, da zarto da guduma da ƙusoshi a cikin tsohon gwangwanin madara, da tef ɗin awo da fensir a maƙale a bayan kunnen maigida, da gam a cikin roba, da samfefa, wato takarda mai kaushi da ake goge katako da ita kafin a yi masa fenti. Manyan injinan yanka da na fere ba kowace rumfa ce take da su ba, shi ya sa yawancin kafintoci suke kai katakonsu wurin mai inji, a tsaga musu shi daidai awon da suke so, su biya ladan aiki, sannan su dawo da shi rumfa a kura ko a adaidaita-sahu su haɗa da hannu. Aikin kuma a rabe yake: mai haɗa ƙashin kujera daban, mai ɗora soso da yadi daban, mai feshin fenti daban, kuma sau da yawa kowannensu yana da nasa maigidan da nasa yaran.

Tsarin koyon sana'ar an gina shi ne a kan yaro ƙarami. Uba ko kawu shi ne yake kama hannun yaro ya kai shi wurin maigida ya ce ga amana, daga nan yaron ya fara da shara da sayo ƙusa da miƙe lanƙwasassun ƙusoshin da aka ciro daga tsohon katako, ya wuce zuwa gugar samfefa, wadda za ta iya cin watanni, kafin a yarda ya riƙe zarto, kuma sai an jima sosai ake barinsa ya yi awo da kansa, domin kuskuren awo shi ne asarar da ba a gyara ta. Babu albashi a wannan zama, sai kuɗin abinci da ɗan ihsani ranar da aka kai aiki, kuma idan shekaru suka cika maigida ya yaye shi, wani da kayan aiki, wani da addu'a kawai. Kafintoci kan kafa hujja da karin maganar nan da ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ne matsalar mutanen da wannan ziyara ta fi karkata gare su take, wato waɗanda suka shigo sana'ar da gemunsu, bayan sun ƙarar da ƙuruciyarsu a wani abin da ƙarfin jiki ne jarinsa.

Irin waɗannan suna da yawa a Kano, kuma ayarin farko daga cikinsu ya samo asali ne daga watan Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. 'Yan acaɓa da dama sun koma tuƙin adaidaita-sahu, wasu sun bar gari, wasu kuma sun sayar da babur sun nemi sana'ar hannu. Akwai kuma 'yan ƙwallo, kuma Hotoro ta san labarinsu ta fuska biyu. A Hotoro GRA ne Ahmed Musa, wanda ya tashi daga Kano Pillars ya tafi Holan a 2010, ya buga a Rasha da Ingila, ya buɗe cibiyar wasanni da motsa jiki a 2017, kuma duk yaron da yake buga ƙwallo a filin unguwa yana kallon wannan gini a matsayin abin da ƙafa za ta iya samar wa mutum. Sai dai a bayan kowane ɗan wasa guda da ya kai wannan matsayi akwai ɗimbin waɗanda gwiwa ta tsayar da su ko shekaru suka cim musu ba tare da sun taɓa sa hannu a kwantiragi ba. Ayari na uku shi ne mafi ƙanƙanta, wato samarin da ake gani da yamma ko a lokacin bukukuwan Sallah sanye da takalmi mai taya, suna zamiya a kan kwalta, wani lokaci suna kama bayan adaidaita-sahu ta ja su, wasan da idon sawu ba ya jure masa shekaru masu yawa.

A ƙasashen waje, dangin wannan ayari na uku, wato masu wasa da allon zamiya, suna da tarihi mai tsawo da katako, kuma sanin tarihin yana taimaka wa mai son fahimtar abin da ya bambanta Kano. Allon zamiya, wato ɗan siririn allo mai taya huɗu da ake tsayawa a kansa a yi gudu da tsalle, ya fito ne daga jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, ya bunƙasa a farkon shekarun 1970 da aka ƙirƙiro masa taya mai laushi da take kama ƙasa, har ya shiga gasar Olamfik a karon farko a wasannin Tokyo da aka yi a 2021, inda wata 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci zinare, abin da ya isa ya nuna wa mai karatu irin shekarun da wasan yake so. Allon kansa aikin kafinta ne: ana yin sa da falle bakwai na wani itace mai tauri na Arewacin Amurka da ake kira mepul, a shafa musu gam, a gicciya jijiyar wasu daga cikinsu don kada allon ya tsage, sannan a matse su a cikin mazubi har su ɗauki lanƙwasar da ake so. Ban da haka, masu wasan sun saba gina wa kansu gangaren katako da suke hawa, don haka da yawansu sun iya awo da yanka tun suna samari ba tare da sun zauna a gaban wani maigida ba. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a Amurka ko Turai a ga wanda ya bar wasan ya buɗe shagon tebura da kujeru, kuma a Tokyo akwai mai sassaƙa da ake kira Haroshi wanda ya yi suna da manna karyayyun alluna wuri guda yana fitar da siffofi daga cikinsu.

Abin da yake ba irin wannan mutum riba a can shi ne ƙarancin aikin hannu. Yawancin kayan gida a waɗancan ƙasashe masana'antu ne suke fitar da su dubu-dubu, irin su kamfanin IKEA na Suwidin, saboda haka teburin da mutum guda ya haɗa da hannunsa ya zama kayan masu hali, kuma ana biyan labarin wanda ya yi shi kamar yadda ake biyan katakon. A Hotoro lamarin a juye yake, domin kusan kowane gado da ke cikin gidajen unguwar da hannu aka yi shi, kuma babu wanda zai ƙara ko naira ɗaya don an ce masa aikin hannu ne. Hasali ma, mai kuɗi idan yana son ya nuna ya isa, kayan Turkiyya ko na Sin yake nema a manyan shagunan da ke cikin Nasarawa GRA da titin gidan Zoo. Abubuwan da suke ƙaranci a nan guda uku ne: busasshen katako, da wutar lantarki, da haƙurin mai saye.

Wanda yake son ya gane batun katako sai ya bi titin kewaye ya gangara kudu zuwa 'Yan Katako da ke Na'ibawa a kan titin Zariya, ɗaya daga cikin kasuwannin da kafintocin wannan ɓangare na birni suke sayayya. Ƙasar Kano ba ta da dajin da zai ba da falanki mai faɗi, don haka tun da jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911 katakon aiki daga kudu yake zuwa, a da a tarago, yanzu a manyan motoci, daga dazuzzukan jihohi irin su Ondo da Edo da Kuros Riba da Taraba. A kasuwar ana rarrabe shi gida biyu a taƙaice, jan katako da farin katako. Jan ya haɗa da maɗaci da danginsa na kurmi, masu nauyi da daɗewa, kuma kusa da su a daraja akwai iroko da kawo, waɗanda gara ba ta cika samun galaba a kansu ba. Farin kuwa, irin su obeche da afara da malaina, yana da sauƙin yanka da sauƙin kuɗi, shi ya sa shi ake ɓoyewa a cikin ƙashin kujerar kushin, inda soso da yadi za su rufe shi, kuma shi ne ƙwaro yake hudawa har a wayi gari a ga gari yana zuba a ƙarƙashin kujera. Ana sayar da katakon da awon inci, a ce tu-bai-tu ko tu-bai-fo ko falanki mai faɗin inci 12, kuma gwanin saye yakan ɗaga kowane guda ya kanne ido ɗaya ya duba miƙewarsa, ya ƙwanƙwasa ya saurari amonsa, domin ɗanyen katako ba ya ƙara irin ta busasshe.

Wannan bambanci na ɗanye da busasshe shi ne ginshiƙin sana'ar a Kano, fiye da yadda yake a Legas ko Benin. Itace yana shan danshi daga iska yana kuma sakinsa har tsawon rayuwarsa, ko da an yanke shi an yi masa fenti, kuma idan ya saki ruwa yakan tsuke ta faɗinsa, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa. Katakon da aka tsaga a kurmi, inda iska take da laima kusan duk shekara, idan ya iso Kano a watan Agusta aka haɗa ƙofa da shi nan take, zai yi kyau har zuwa lokacin da hunturu zai sauko, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. A nan ne za a ga ƙofa ta buɗe baki, fuskar tebur ta kantare, ƙusa ta saki. Maganin abin sananne ne ga kowane tsohon kafinta: a jera falankin a inuwa, a sa 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, a bar shi ya ga hunturu ɗaya aƙalla kafin zarto ya taɓa shi. Amma katakon da yake kwance kuɗi ne a kwance, kuma kafintan da yake sayen kayan aiki da kafin alƙalamin da aka ba shi jiya ba shi da halin ajiye komai. Yawancin zargin rashin iya aiki da ake yi wa kafintocin Kano, idan aka bi diddiginsa, zargin rashin jari ne.

Akwai itace guda da ya kamata a ce shi ne adon wannan sana'a a Arewa, wato maɗobiya, mai ja da duhun jijiya, wanda yake fitowa a dazuzzukan da ke tsakanin kurmi da sahel. A cikin shekarun 2010 'yan kasuwar Sin suka buɗe masa kasuwa saboda kayan ɗakin alfarma na gargajiyarsu, aka yi ta sare shi a Taraba da Kogi da maƙwabtansu ana loda gungume a kwantena, har ta kai a 2016 aka sanya shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta taƙaita fataucinsu, sannan a 2018 aka dakatar da fitar da shi daga Nijeriya. Ribar ta tafi waje, dajin ya yi sanƙo, kafintan gida kuwa bai taɓa samun sa da araha ba.

Giɓin da katako mai kyau ya bari, allunan masana'anta ne suka cike shi, musamman wanda ake kira MDF, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse shi ya zama faifai mai santsi, da ɗan'uwansa HDF da ya fi shi tauri. Irin wannan allo ba ya kantarewa da hunturu, yana karɓar fenti da kyau, kuma da shi ake yin wadirof da madubi da kan gado masu ƙyalli da amare suke so, sai dai ruwa ne ajalinsa, kuma idan aka kwance shi sau biyu saboda tashi daga gidan haya, ramin sukurun yakan buɗe ya ƙi riƙewa. Da yake daga waje ake shigo da yawancinsa, farashinsa yana bin dala, don haka cire tallafin mai da sakin darajar naira da aka yi a tsakiyar 2023 sun bugi kafintoci ta gefe biyu, ta wajen allo da ta wajen man janareta.

Kasuwar da take ciyar da waɗannan rumfuna kusan guda ce, ita ce kayan ɗaki. A al'adar Hausawa iyayen amarya ne suke yi mata kayan da za a jera a ɗakinta, kuma abin da ake ƙidayawa a cikinsu ya yi ta canzawa: daga gadon kara da tabarma da jeren ƙore, zuwa gadon ƙarfe mai rumfa da kabad cike da kwalla da tangaran, zuwa saitin yau na gado da katifa da wadirof da madubi da kujerun falo. Uban amarya yakan zo rumfa tare da uwar amarya ko gwaggonta, da hoto a waya, a yi ta ciniki, maigida yana cewa albarka, Alhaji yana roƙon ragi, Hajiya tana zaɓen launin yadi, kuma ranar kai kaya a ɗaure take da ranar jere, wadda ba a ɗagawa. Hukuncin da za a yanke wa aikin kuwa a ranar za a yanke shi, a bakin matan da suka zo ganin ɗaki, waɗanda ƙyalli da girma suke dubawa, babu mai leƙa bayan gado ya ga yadda aka haɗa shi. Ga kafinta, ma'anar wannan ita ce haɗin rami da harshe, wato a fafe rami a jikin katako ɗaya a fere bakin ɗayan ya shige ciki ya kama, wanda zai iya cin yini, ba ya kawo ƙarin kuɗi a kan ƙusa da gam da za a gama cikin mintuna. Gwamnati ma ta zama babbar mai saye ta wannan ƙofa, tun da Hukumar Hisbah ta fara auren gata a 2012, wanda a watan Disambar 2013 aka ɗaura wa ma'aurata 1,111, a watan Oktoban 2023 kuma 1,800, kuma gado da katifa suna cikin abin da ake ba kowace amarya.

Game da asalin kafinta a birnin nan kuwa, daga Hotoro idan aka nufi yamma aka shiga tsohuwar Nasarawa, inda Turawa suka kafa mazauninsu bayan cin Kano a 1903, za a iske Gidan Ɗan Hausa, gidan ƙasa mai zanen bango inda Hans Vischer ya zauna, wanda yanzu yake hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Makarantar da ya buɗe a wannan yanki a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'i, kuma aikin katako irin na zarto da ƙusa yana cikin abin da aka koyar. Kafin wannan zamani aikin itace a ƙasar Hausa na masassaƙa ne, waɗanda suke fitar da abu daga gungume guda da gatari da gizago ba tare da haɗi ba: turmi da taɓarya daga ƙirya, allon karatu daga aduwa, akushi, muciya, ƙotar fartanya, da kujerar tsuguno ta mata. Sassaƙa sana'ar gado ce mai sarkinta, kafinta kuwa ba ta da gidan da ya mallake ta, domin daga makaranta da Sabon Gari da ma'aikatar ayyuka ta shigo, kuma wannan rashin gado shi ne ya bar ƙofarta a buɗe ga duk wanda ya zo, ko da a makare.

Wanda ya shigo a makare yana shan wahalar da yaro ba ya sha. Magidanci mai iyali ba zai iya shekara uku a kan kuɗin abinci ba, kuma ba ƙaramin haɗiye rai ba ne mutum ya ce "to, maigida" ga wanda ya girma, ko wani yaro ɗan shekara 15 ya gyara masa riƙon zarto a gaban mutane. Da yawa a nan suke karaya. Shirye-shiryen koyar da sana'a na gwamnati, irin wanda hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, ta fara tun 1987 na tura matasa wurin masu sana'a, suna rage wannan nauyi kaɗan, amma watanni ba sa yin abin da shekaru suke yi wa hannu. Duk da haka wanda ya shigo a makare yana zuwa da abubuwan da yaron shago ba shi da su. Tsohon ɗan acaɓa ya san kowane lungu na birni da inda ake sabon gini, ɗan ƙwallo yana da jama'a, mai takalmin taya ya saba ɗaukar hoton kansa ya sa a Instagram da TikTok, kuma a yau hoton da ke cikin waya shi ne yake kawo mai saye daga Bompai ko daga Abuja. Wasu sun zo da ɗan jari daga abin da suka sayar, wanda ya isa a sayi falankin maɗaci a jera shi a inuwa har hunturu ya wuce. Irin waɗannan ba kasafai suke yin gogayya a kasuwar kayan ɗaki ba, inda tsofaffin hannu suka fi su sauri da araha. Sun fi karkata ga ƙofofin gidaje, da teburan ofis da na cin abinci, da kantocin littattafan malamai, da gyaran tsofaffin kujerun jan katako da ake fitowa da su daga gidajen GRA, aikin da mai shi zai yi amfani da shi da kansa, kuma zai dawo rumfar da ƙorafi idan ya tsage.